Yini Guda a Tafkin Buttermere: Zagaye da Ƙafa, Iyo, da Kama Bas ɗin Komawa

Idan karatu ko aiki ko ziyara ta kai ka Ingila tsakanin watan Yuni da Agusta, za ka lura cewa da rana ta fito kwana biyu a jere, mutanen ƙasar sai su saɓa jakunkuna su nufi bakin ruwa. Da yawansu arewa maso yamma suke yi, yankin tafkuna da tsaunukan nan na Cumbria da ake kira Lake District, wanda gwamnati ta keɓe a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2017. Windermere ne babba a cikin tafkunan, tsawonsa ya kai kilomita 17, amma shi ne kuma mai cunkoso da jiragen ruwa masu inji. Baƙon da yake son ya taka ƙasa da ƙafarsa kuma ya jiƙa jikinsa a yini ɗaya, ni Buttermere nake nuna masa. Ƙarami ne, tsawonsa kilomita 2 kacal, ba a sa jirgi mai inji a cikinsa, kuma akwai hanyar ƙafa da ta kewaye shi kaf, wajen kilomita 7. Tafiyar ba ta da wuya. Abu biyu ne suke ɓata wa mutane yinin: sanyin ruwan, da bas ɗin ƙarshe.

Zaɓen rana

Kada sunan lokacin zafi ya ruɗe ka. A Keswick, garin da za ka tashi daga cikinsa, zafin rana a watan Yuli yakan tsaya ne a wajen digiri 19 ko 20, kuma ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko. Ƙauyen Seathwaite, wanda tsauni ne kawai ya raba shi da inda za ka, yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, wato ya ninka na Kano sau uku har da ɗoriya. Don haka ba kai ne za ka yanka wa tafkin rana ba, hasashen yanayi ne zai yanka maka. Duba na hukumar Met Office da daddare, ka sake dubawa da safe. Abin da za ka fi zuba wa ido shi ne iska, domin yayyafi ba ya hana tafiya ko iyo, amma iska mai ƙarfi takan tayar da igiyar ruwa, kuma ita ce ke kwashe ɗumin jikin wanda ya fito a jiƙe. Idan an kwana ana sheƙa ruwa, yi tafiyarka ka bar iyo, saboda ƙoramu sun wanko dattin gonaki da makiyaya sun zuba a tafki, sun kuma ƙara masa sanyi.

In da hali, ka zaɓi tsakiyar mako. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta makarantu suna hutu, ranakun Asabar da Lahadi wurin ajiye mota yakan cika tun da hantsi.

Yadda ake zuwa

Keswick ba ta da tashar jirgin ƙasa, an rufe layinta tun 1972. Jirgi zai sauke ka a Penrith, wajen awa uku daga tashar Euston ta Landan, awa ɗaya da rabi ko makamancin haka daga Manchester ko Glasgow. Daga bakin tashar Penrith sai ka hau bas X4 ko X5, minti arba'in da wani abu ka isa Keswick. Daga nan bas 77 ko 77A ne zai kai ka ƙauyen Buttermere. Waɗannan biyun zagaye suke yi, ɗaya ta nan ɗaya ta can, kuma daga wajen bikin Ista, wato Maris ko Afrilu, zuwa ƙarshen Oktoba kaɗai suke aiki. Idan ka samu wanda ya bi ta kwarin Borrowdale ya haura mashigar Honister, zauna ta taga. Hanyar takan haura har mita 356, gangarenta kuma a wasu wurare ya isa ya sa mutum salati. Wanda bai daɗe da fara tuƙi a hannun hagu ba, gara ya bar motar haya a Keswick ya bi bas.

Wanda ya taso daga Landan kada ya ce zai je ya dawo a rana ɗaya, ya kwana a Keswick ko Penrith. Na Manchester zai iya, in ya yi sammako.

Kafin bas ya bar Keswick, yi abu uku. Ɗauki hoton jadawalin dawowa, ka rubuta lokacin bas na ƙarshe da na kafin na ƙarshe, ka ƙudurta cewa na kafin na ƙarshen ne naka. Bas ɗin ƙanana ne, in sun cika sun cika, kuma kiran tasi daga kwarin da sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa wahala ce mai tsada. Na biyu, sauke taswirar wurin a wayarka yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba, ko ka sayi ta takarda mai lamba OL4 a ɗaya daga cikin shagunan kayan hawan dutse da suka cika garin. Na uku, aika saƙon tes mai kalmar register zuwa 999, ka bi abin da aka amsa maka. Wannan zai ba ka damar neman agaji ta tes a inda kira ba ya shiga.

Abin da za ka zuba a jaka

Takalmi mai riƙe ƙafa da ƙasa mai gurzo, ba silifas ba, ba kuma takalmin zuwa biki ba. Rigar ruwa ko da gari ya waye tas. Suwaita mai kauri, hular sanyi, da safa busasshiya, a ƙulle su cikin leda daban, ba za a taɓa su ba sai an fito daga ruwa. Tawul. Takalmin roba na shiga ruwa, domin ƙasan tafkin tsakuwa ce da ɓaraguzan dutse masu kaifi da santsi. Ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, sannan fulas cike da shayi mai sukari. Shayin nan ya fi duk abin da ke cikin jakar daraja, za ka gane haka idan haƙoranka suka fara haɗuwa.

Guzuri ka taho da shi daga gida ko ka saya a babban kantin da ke jikin tashar bas ta Keswick. A ƙauyen Buttermere akwai otal da wuraren shan shayi da gonar da ke sayar da askirim na madarar shanunta, amma kada ka sa rai da naman halal. Burodi, dafaffen ƙwai, dabino, gyaɗa da ayaba sun wadatar.

Batun suturar iyo yana buƙatar a faɗe shi ɓaro-ɓaro. Tufafin auduga masu yalwa suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafafu. Namiji ya nemi wandon iyo mai kaiwa gwiwa da riga mai santsi ta masu iyo. 'Yar'uwa, ke kuma kada ki shiga ruwa da abaya ko dogon hijabi ko zani, ko da iya ƙugu kika yi niyya. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka har da kai, waɗanda aka ɗinka da yadin da ba ya riƙe ruwa. Abin da ya fi duka, ga mace da namiji, shi ne rigar robar nan mai kauri da ke manne wa jiki daga wuya zuwa idon sawu. Tana suturtawa, tana riƙe ɗumi, tana kuma taimaka wa jiki ya taso sama. Zanin ki ajiye shi a bakin gaɓa, zai yi amfani wajen sauya kaya, domin babu ɗakin canji a wurin. Bayan gida ma sai a cikin ƙauye, don haka a kama ruwa kafin a tashi.

Zagayen

Daga inda bas ya sauke ka, bi hanyar da ta ratsa ta gefen otal ta shiga cikin gonaki zuwa bakin tafki. Filin da kake takawa shi ne ya raba Buttermere da maƙwabcinsa Crummock Water. A da can tafki ɗaya ne, ƙasa da tsakuwar da ƙoramu suka yi ta kwasowa daga tsaunuka suka taru suka yanke shi gida biyu. Ka yi dama, ka haye ƙaramar gada a ƙarƙashin Sourmilk Gill, ƙoramar da ke gangarowa fari fat daga saman dutse, sai ka shiga inuwar dajin Burtness. Wannan ɓangaren shimfiɗaɗɗe ne, har masu keken jarirai suna bin sa. Tsaunukan da ke damanka su ne Red Pike da High Stile, na biyun ya haura mita 800. A gabanka kuma Fleetwith Pike ne mai mita 648, wanda ya tsaya kamar hancin jirgi a ƙarshen kwarin, da Haystacks mai mita 597 a gefensa. Kallonsu kawai za ka yi yau. Hawa ɗaya daga cikinsu aikin wani yinin ne da wasu kayan.

Kana fita daga dajin sai fili, sai tumaki. Irin tumakin yankin ne da ake kira Herdwick, masu tokar jiki da farar fuska, 'ya'yansu kuwa baƙaƙe ake haifar su. Ƙasar tafkin tana hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi da filaye, amma gonakin na aiki ne, akwai masu su. Ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka, wanda ka tarar a buɗe ka bar shi haka. Idan ka ga shanu da maruƙa, kewaye su daga nesa. Karnuka kuwa sai ka yi haƙuri, kusan kowane iyali da nasu suke tafe, kuma sukan faɗa ruwa su fito su kakkaɓe jiki kusa da mutum. In ɗaya ya nufo ka, tsaya cik kada ka ruga, mai shi zai kira shi.

A ɗaya ƙarshen tafkin za ka haye gadar Peggy ka ratsa zuwa gonar Gatesgarth. Daga nan akwai ɗan guntun tafiya a kan kwalta, babu gefen masu ƙafa, sai a yi layi ɗaya ana fuskantar motocin da ke tahowa. Ba da jimawa ba hanya ta sake sauka bakin ruwa. Ɓangaren dawowar ya fi gargada, akwai saiwoyi da duwatsu, akwai kuma wani ɗan rami da aka fafe cikin dutse a Hassness, gajere ne amma da duhu da ɗigar ruwa, dogon mutum ya sunkuya. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni akan rufe wani yanki na gaɓar da ke kusa da ƙauye saboda tsuntsayen da ke ƙwai a cikin tsakuwa, sai a bi inda allo ya nuna. Zagayen duka awa biyu ne zuwa uku in ba a tsaya ba.

Inda za a shiga ruwa, da yaushe

Mutane da yawa suna isowa su faɗa ruwa nan take, ko kuma su bari sai sun gama zagaye. Duka biyun ban so su ba. Na farko zai yi sauran tafiyar da jiƙaƙƙun kaya, na biyu kuma zai fito yana rawar ɗari ya tsaya jiran bas a cikin iska. Abin da ya fi shi ne a ci kashi biyu cikin uku na hanya, a yi iyo a gaɓar tsakuwa da ke wajen Crag Wood kafin a kai ramin Hassness, sannan tafiyar da ta rage ta mayar wa jiki ɗuminsa. Lissafa yadda za ka fito daga ruwa da sauran aƙalla awa biyu kafin bas ɗinka.

Ga inda ya kamata a nutsu a saurara. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a dam ɗin Tiga ko a gulbin garinsu ya iya ruwa, ba a musu, amma ruwan ɗumi ya iya. Buttermere ƙoramun tsauni ne ke cika shi, zurfinsa ya wuce mita 20, kuma ko a tsakiyar Yuli da wuya samansa ya kai digiri 20. Taku kaɗan daga gaɓa ƙasa takan zarce ƙasa farat ɗaya, ruwan can kuma ya fi na sama sanyi nesa ba kusa ba. Ruwan da bai kai digiri 15 ba, idan ya bugi fata kwatsam, yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ya shiga haki, zuciya ta hau bugu. In kansa yana ƙarƙashin ruwa a wannan lokacin, ruwa zai shaƙa. Abin da ke cin samari ƙarfafa masu tsalle daga kan dutse ke nan, ba rashin iyawa ba. Babu kuma ma'aikacin ceto ko ɗaya a bakin tafkin.

Saboda haka a bi shi daki-daki. Ka zauna ka huta har gumi ya bushe. Ka shirya kayan fitowa tun kafin ka shiga: tawul a sama, suwaita da hula a ƙarƙashinsa, fulas a gefe. Dubi ruwan. Idan ka ga ya yi kore kamar an zuba fenti, ko kumfa mai kauri ta taru a baki, gansakuka ce mai guba wadda kan bayyana a wasu tafkunan yankin idan an yi zafi, a fasa. Ka shiga da ƙafa, a hankali, zuwa gwiwa, zuwa ƙugu. Ɗebi ruwa ka shafa a wuya da ƙirji da fuska. Ka durƙusa har kafaɗa a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, ka tsaya nan kana fitar da numfashi a hankali. Hakin yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Sai ya lafa tukuna za ka fara iyo.

Ka yi iyonka a tsawon gaɓa, ba ka nufi tsakiya ba. Tsallaken tafkin yana da ruɗi, ido na ganin ɗaya gaɓar kusa, amma sanyi yana kashe ƙarfin hannuwa da ƙafafu tun mutum bai ji gajiya ba. Minti biyar zuwa goma ya isa a karon farko in babu rigar roba. Da ka ji yatsunka sun ƙi haɗuwa, ko muƙamuƙinka ya yi nauyi, fito. Mafi haɗari ma shi ne lokacin da ka ji sanyin ya tafi, daɗi ya zo. Masu iyo a can sukan ɗaura wata jakar iska mai launin lemo a ƙugu tana bin su a baya, don a hango su daga nesa, su kuma samu abin riƙewa in sun gaji. Ba ta da tsada, ta cancanci saye. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, kuma ko kuna da yawa, mutum ɗaya ya zauna a gaɓa da kayansa a jiki yana ƙirga kawuna. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya gwiwa, babu abin kunya a ciki, kuma kada abokai su ja shi da wasa. Yara su kasance inda hannu zai kai gare su. Katifar iska da tayar roba a bar su a gida, iska kan ja su zuwa zurfi cikin ƙiftawar ido.

In abu ya ɓaci kana cikin ruwa, kada ka yi kokawa da shi. Yi rigingine, ka mayar da kai baya har kunnuwa su nutse, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka bar numfashi ya daidaita, sannan ka yi kira. Wannan ita ce shawarar da ƙungiyar ceto ta RNLI ke ta nanatawa. In wani ne ya shiga uku, kada ka bi shi ciki. Kira 999 ka nemi 'yan kwana-kwana, ka daka masa tsawa ya kwanta rigingine, ka jefa masa abin da ke iya tasowa ko ka miƙa masa reshe. In kuwa rauni ne a kan hanya, kamar karaya, 999 ɗin dai za ka kira, ka nemi 'yan sanda, ka ce a haɗa ka da masu ceton tsauni. 'Yan sa-kai ne, ba a biyan su ko kwabo.

A sani kuma ba kowane tafki ne a yankin aka yarda a yi iyo a ciki ba. An hana a Thirlmere, wanda tun 1894 yake shayar da Manchester, haka ma Haweswater da Ennerdale Water.

Bayan fitowa

Sanyin gaske ba a cikin ruwa yake kama mutum ba, sai ya fito da kamar minti goma, domin zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka ko bayan an bar ruwan. Don haka kada ka tsaya ɗaukar hoto. Tuɓe jiƙaƙƙun kaya nan da nan, goge jiki, fara da sa riga da suwaita da hula kafin wando da safa, sa rigar ruwa a sama ta tare iska, sannan shayi da dabino. Karkarwa ba laifi ba ce, jiki ne ke hura wutarsa. Abin tsoro shi ne wanda maganarsa ta fara harɗewa, ko ya rikice, ko ya kasa ɗaura igiyar takalmi. Ana cewa a duba ko leɓe ya yi shuɗi, amma a fatarmu wannan ba ya saurin nunawa, gara a sa ido kan magana da tafiya. Irin wannan a lulluɓe shi, a raba shi da ƙasa mai sanyi, a nemi agaji. Wanda zai tuƙa mota ya jira sai karkarwa ta daina.

Nan ne kuma wurin sallah ya fi daɗi. Ruwan alwala ga shi har ya yi yawa, alƙibla tana kudu maso gabas, rigar ruwa ta isa shimfiɗa in an kauce wa kashin tumaki. A tsakiyar lokacin zafi azahar takan shiga ne bayan ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare a ƙarshen Yuni, don haka lokaci a yalwace yake. Wanda ya taso daga Manchester ko Landan ya wuce nisan ƙasaru da nisa. Wannan doguwar ranar ce ma ke yaudarar baƙo: ya ga gari da haske tarwai ya ɗauka da sauran lokaci, alhali bas na ƙarshe ya daɗe da wucewa. Agogo za ka duba, ba rana ba.

Ba a hura wuta ko gasa nama a bakin tafkin. Duk abin da ka zo da shi, har ɓawon ayaba da na ƙwai, ka mayar da shi jaka. Sabulu ma kada ya taɓa ruwan.

Da ka koma masauki, sauran aiki biyu. Wanke kayan iyo da takalmin roba da ruwan famfo ka shanya su bushe ƙayau kafin su shiga wani tafkin. Akwai wata ciyawar ruwa 'yar asalin New Zealand da ta mamaye Derwentwater na kusa da Keswick, ɗan guntunta da ya maƙale a takalmi ya isa ya dasa ta a Buttermere, shi ya sa in za a yi tafkuna biyu a tafiya ɗaya ake farawa da mai tsabtar. Sannan ka duba jikinka da kyau saboda kaska, musamman bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu, da gashin kan yara. Ta can ƙanana ce ƙwarai, wata ba ta wuce ɗigon biro ba, kuma wasunsu suna ɗauke da cutar Lyme. In ka samu, kama ta da ɗan hantsaki dab da fata ka ja sama a hankali, kada ka matse cikinta, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Rubuta ranar. Idan cikin makonnin da suka biyo baya ka ga wani zagayayyen tabo yana faɗaɗa a wurin cizon, wanda a baƙar fata yakan yi kama da tabon bugu mai duhu maimakon ja, ko ka ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, je wurin likita ka gaya masa kaska ta cije ka a Cumbria, da ranar da abin ya faru.